Jikan Sarkin Ruwa a Tafkin Ƙaruna

Duk Bahaushen da ya taɓa shan shayi a shagon gahawar da ke bayan tashar metro ta Ainu Shams ya ji labarin cewa Ukasha jikan wani Sarkin Ruwa ne a ƙasar Yawuri. Daga bakin Ukasha ya ji. Karatu ne ya kawo shi Alƙahira, karatun ya yi tsawo har ya tsinke, sai ya koma yi wa 'yan Najeriya masu zuwa asibiti tafinta. Ya auri Widad, Bahaushiyar Sudan da ta zo gudun hijira tare da uwarta da yayanta. Mutum ne mai kirki, hannunsa a sake, bakinsa ne dai ba shi da birki. Malam Sada, abokinsa da ke karatu a unguwar Darrasa, garinsu ɗaya, ya kuma san a Ƙauran Namoda aka yanke cibiyar Ukasha. Amma Malam Sada mutum ne mai son zaman lafiya da shayin da ba shi zai biya ba, don haka yakan yi shiru.

Wata rana da hantsi suna zaune sai wani ya nuna musu bidiyo a waya: wani Bature ya ɗaura ɗan jirgin ruwa a bayan motarsa yana keta ƙasarsu, duk tafkin da ya tarar sai ya sauke ya zagaya. Ukasha ya bugi tebur har kofuna suka yi tsalle.

"Wannan ne abin mamaki? Wallahi a gidanmu yaron da aka yaye ke yin wannan. Ni zan yi shi a nan Masar. In fara da Fayyum, in sha iska a tafkin Ƙaruna, in wuce Wadi Rayan, in gangara har Aswan, in dawo ta Isma'iliyya. Daga nan duk Alhajin da aka sallama daga asibiti, ni zan kai shi shan iska a ruwa."

Malam Sada ya kurɓi shayi. "Kana da jirgi?"

"Jirgi abin nema ne?"

"Mota fa?"

"Ta surukina ba tawa ba ce?"

Ba a yi mako ba sai ga jirgi a unguwa. Tsoho ne, fari da shuɗi, da wani ɗan ɗaki a gabansa kamar akurkin kaji. Wani mutum a bakin kogin Nilu ne ya sayar masa, an ce har aka sha kwana ana jin mutumin yana ta hamdala. Wani mai walda kuma ya haɗa masa amalanken ƙarfe da tayoyin tuktuk, keken haya mai ƙafa uku. Da aka turo shi cikin lungun su Ukasha sai ya cije tsakanin turken lantarki da kurar mai sayar da dafaffen wake, ba gaba ba baya.

Umm Jamal, maƙwabciyarsu Bamisriya, ta leƙo daga baranda. "Ya kabtin! Ɗufana za a yi ba a gaya mana ba? In da gaske ne ka ajiye mini wuri, ni da agwagina biyu."

Ukasha ya ɗaga kai. "Ki yi dariya yanzu, Umm Jamal. Ranar da za ki gan ni a talabijin za ki ce kin san ni."

"Na san ka tun yanzu, shi ya sa nake dariya!"

Haka jirgi ya yi ta zama a lungu. Mata suka mai da shi wurin shanya, wata kyanwa ta haihu a ɗakin kyaftin, masu tuktuk kuwa duk wanda ya zo ya tarar da hanya a toshe sai ya yi wa Ukasha addu'ar da ba a amsawa da amin.

Saura mota. Mahir, yayan Widad, yana da wata ƙaramar motar kaya da yake raba turaren wuta da kayan yaji a shagunan 'yan Sudan. Da ita ake biyan haya, da ita ake sayen maganin Inna Khairat, uwarsu. Da Ukasha ya zo masa da maganar, bai ma bari ya kai aya ba, ya tare shi da irin kiran mutanen Sudan.

"Ya zol, motar nan ita ce cinmu, ita ce shanmu. Ko ruwan sama ba na so ya taɓa ta, balle tafki."

"Haba Yaya Mahir, wa ya ce mota za ta shiga ruwa? Ita a tudu aikinta yake."

Inna Khairat ce ta raba gardamar. Ta ce tun da suka baro Sudan ba ta ga ruwa shimfiɗe ba sai ta tagar mota a kan gada, tana so ta zauna a bakin ruwa ta miƙe ƙafa ko sau ɗaya. Mahir ba ya musu da uwarsa. Ya yarda, da sharaɗi ɗaya: shi kaɗai zai taɓa sitiyari.

Shi kuwa Ukasha, da ya ji ɗaliban Najeriya sun shirya fita shan iska Fayyum a ranar Juma'ar nan, sai ya aika musu cewa su tsaya a bakin tafkin Ƙaruna su ga yadda ake sauke jirgi. Widad ta ce, "Abu Rayan, da ka bari ka gwada tukuna kafin ka tara jama'a."

"Gwaji na mai shakka ne," in ji shi.

Ranar tafiya aka bar 'yarsu Rayan wurin Umm Jamal, aka kwashe 'ya'yan kyanwa, matasan lungu suka taru suka ciccibi jirgi har bakin titi. Ukasha da kansa ya haɗa amalanke da ƙugiyar mota, ya hana kowa taɓawa. Ya loda katifa, tukunyar gas, jarkokin ruwa da igiya mai kaurin hannu, har mota ta cika ba wurin Malam Sada.

"Malam, kai ka yi sa'a," in ji Ukasha. "Ɗakin kyaftin za ka shiga. Kai ne fasinjana na farko."

"A kan titi?"

"To a ina ake fara sabawa?"

Aka sa masa rigar ceto mai ruwan lemo, wadda ta ƙi rufe tumbinsa, aka tura shi ciki tare da babbar tukunyar asida, tuwon Sudan, da miyar da Widad ta kwana biyu tana shiryawa.

A kan babban titin da ya kewaye birni direbobi suka yi ta danna ham. Wani mai ƙaramar bas ya jero da su ya leƙo. "Ya rayyis, teku tana bayanku!" Ukasha ya ɗaga masa hannu kamar gwamna. Suka wuce dalar Giza, suka ɗauki hanyar Fayyum, yashi dama yashi hagu. Ukasha ya gyara zama ya shiga bai wa Inna labarin yadda kakansa ke kiran kada da fito. Can sai mota ta ɗan yi tsalle, ta ƙara gudu.

"Kun ji?" in ji Ukasha. "Mota ta saba da jirgin. Haka abin yake, da farko ne da nauyi."

Mahir ya kalli madubi. Ya goge shi da hannun riga, ya sake kallo. "Ya zol, ina jirgin?"

Suka juya. Sun yi tafiya mai ɗan nisa kafin su hango shi can gefen titi, ya kafa hanci a cikin yashi. Malam Sada na tsaye a ciki da rigar ceto, hannu ɗaya carbi, ɗaya ya danne murfin tukunya, ga wata motar 'yan yawon buɗe ido ta tsaya ana ta ɗaukarsa hoto.

"Na yi ta kiranka a waya!" in ji Malam Sada.

"Ma'alish, yi haƙuri, Malam. Kyaftin ba ya amsa waya a bakin aiki."

"Na karanta addu'ar hawa jirgi, na karanta ta hawa dabba, na rasa wadda ta dace da ni!"

Mahir ya durƙusa ya duba ƙugiya. Ashe kusar da mai walda ya bayar ta ɓace wa Ukasha, sai ya soka mariƙin cokali. Mahir ya ɗago rabin cokalin ya nuna wa ƙanwarsa.

"Cokalina na biki ne," in ji Widad.

"Ƙarfen yanzu ba shi da gaskiya," in ji Ukasha.

Aka ɗaure da sarƙa. Malam Sada ya rantse ba zai koma ciki ba, sai dai a bar shi a nan ya zama Balaraben daji. Dole aka mai da katifa cikin jirgi, shi ya matsu a wurinta.

Da suka shiga gonakin Fayyum, Ukasha ya ga wani ɗigon shuɗi a taswirar wayarsa, ya daka tsawa. "Tsaya! Tafki! Wannan ba kowa ya san shi ba. Yalla, Yaya Mahir, kwana dama."

"Ba ya cikin shirinmu."

"Ai shi ne bincike. Wanda kowa ya sani me za a binciko a cikinsa?"

Inna ta ce a je a gani. Suka bi wata siririyar hanya tsakanin masara da dabino, har ta ƙare a bakin wani kududdufin kiwon kifi wanda bai fi harabar masallacin unguwa ba. Ukasha ya fito, ya riƙe ƙugu, ya ce farko ke nan, ƙila ya faɗaɗa daga baya. Mai wurin ya taso da sanda, ya ga baƙi da jirgi da igiya a bakin kifinsa.

"Me kuke nema?"

"Binciken tafkunan Masar muke yi, ya hajj," in ji Ukasha.

"Da wannan jirgin? Ai in ka sa shi a ciki ruwan ne zai fita!"

Ukasha ya buɗe baki zai yi bayani, sai wani namijin dinya ya fito daga cikin masara, wuya a miƙe. Bai kula kowa ba sai Ukasha. Ya bi shi suka zagaya kududdufi, suka sake zagayawa, yana cafkar bayan jallabiyarsa, Ukasha na ihu, "Ku riƙe agwagwarku!" Sai da ya haye saman jirgi ya tsira. Inna Khairat ta rufe fuska da gefen mayafi don kunyar suruki, amma kafaɗunta sun tona ta. Babu wurin juya mota, dole aka kwance amalanke aka juya shi da hannu, Ukasha na sama yana ba da umarni, ya ƙi saukowa har aka bar garin dinya.

Rana ta karkata kafin su isa tafkin Ƙaruna. Ruwa ne shimfiɗe iya ganin ido, ga duwatsu jajaye can a ƙetare. Inna ta sauka ta tsaya tana kallo, iska na kaɗa mayafinta, ta ce, "Alhamdulillahi." Widad ta shimfiɗa mata tabarma.

Ɗalibai sun cika bakin gaɓa, ga masunta na gyaran koma, ga iyalan Misrawa da suka fito hutu. Ukasha ya zaro farar hular kyaftin daga leda ya kafa. Ya hau amalanke ya kwance duk igiyoyin da suka riƙe jirgi, ya yi jawabi kan kakanninsa, da yadda ruwa ke gane jininsu.

Mahir ya ce, "Zan yi alwala in yi salla. Na bar ta a kunne, don in ta mutu da zafi ba ta tashi da wuri. Kada wanda ya taɓa. Ka ji, ya zol?"

"Tamam, na ji."

Yana ba da baya ɗalibai suka fara tafi. "Kyaftin! Kyaftin!" Ukasha ya kalli mota, ya kalli jama'a. Widad ta ce, "Abu Rayan, kada." Ya ce, "Ɗan matso da ita kawai zan yi." Ya faɗa ciki.

Ya sa ribas. Ya murza dama, amalanke ya yi hagu. Ya murza hagu, amalanke ya yi dama har ya kusa sumbatar ƙofar mota. Nan take kowa ya zama malamin tuƙi. "Yamin!" "Shimal!" "Dama, Kyaftin, damarka ta cin tuwo!" Wani tsohon masunci ya ɗauke kwandonsa ya koma nesa. Gumi ya jiƙa hular kyaftin. Ukasha ya leƙo ta taga.

"Ku matsa! Ribas na matsorata ne. Gaba zan yi in sha kwana, jirgin ya bi ta baya ya faɗa ruwa kamar wutsiyar kada."

Ya taka totur. Kwanar ta fi ƙarfinsa, gangaren ya fi ƙarfin birki. Mota ta miƙe sak ta tsunduma hanci a tafki, ta nutse cikin taɓo har gindin ƙofa, ta yi tari ta mutu. Jirgi kuwa yana tudu a bayanta, ko ɗigo bai taɓa shi ba.

Malam Sada ya gyara murya. "Mutanen nan suna cewa a nan ƙasa ta haɗiye Ƙaruna da dukiyarsa. To shi dai tasa ce, ba ta surukinsa ba."

Babu wanda ya yi dariya, domin Mahir ya iso, ruwan alwala na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya kalli motar, ya zauna a ƙasa daɓas, ya ɗora hannu biyu a ka. Bai yi zagi ba. Cewa kawai ya yi, "Gobe da safe ina da kaya a Abbasiya." Widad ta juya baya tana share ido. Ukasha, wanda ya fito ta taga ya maƙale a rufin mota, ya ji da ma zaginsa aka yi.

"Yalla ya shabab! Ku taso, samari!" in ji wani ɗalibi. "Tsayuwa ba za ta fid da ita ba!"

Aka kwance amalanke aka tura shi gefe. Aka ɗaura igiyar nan mai kauri a bayan mota, ɗalibai da masunta da magidantan Misrawa suka jeru, har Malam Sada ya naɗe hannun riga. Ana ja ana salati, taɓo na riƙewa, ana ƙara ja. Kowa ya ba amalanke baya. Shi kuwa da ya ga an manta da shi a kan gangare, sai ya gangara a hankali, ya tsoma tayoyinsa a ruwa. Jirgi ya zame ya sauka lafiya lau, iska ta kama shi, ya kama hanya.

Inna Khairat ce ta fara gani daga kan tabarmarta. "Widad, ga abincinmu can zai tafi Aswan."

Daidai lokacin taɓo ya saki mota, masu ja suka zube kan juna, Ukasha ya gangaro daga rufi. Ya tashi ya tarar da idanu duka a kansa.

"Kyaftin, bi shi! Bai yi nisa ba!"

"Jikan Sarkin Ruwa, a nuna mana na gida!"

Ukasha ya ce ruwan gishiri ne, su na daɗi suka gada. Aka ce ai gishiri ya fi ɗaga mutum. Ya ce bai daɗe da cin abinci ba. Widad ta ce rabonsa da abinci tun karin safe. Da ya ga hanya ta ƙare, ya tuɓe jallabiya, ya danna hula, ya ja da baya, ya sheƙo a guje. Taku kaɗan santsi ya kwashe shi, ya faɗi rigingine, ruwa ya rufe shi.

Ya ɓullo yana dukan ruwa da hannu bibbiyu. "Wayyo Allah! Na tafi! La'ilaha illallahu! Widad, ki yafe mini! Yaya Mahir, ka riƙe Rayan amana!"

"Ukasha!" in ji Malam Sada. "Miƙe tsaye!"

"Ina nutsewa, Malam!"

"Na ce ka miƙe tsaye!"

Ya miƙe. Ruwan iya gwiwarsa.

Dariyar da aka yi har tsuntsayen bakin tafki sai da suka tashi. Ɗalibai na birgima a yashi, wata Bamisriya ta rangaɗa guɗa, tsohon masuncin nan ya riƙe ciki yana neman numfashi. Cikin wannan hayaniya Mahir ya buɗe inji ya goge abin da zai goge, ya jira ta huce, ya yi bismilla ya murza makulli. Ta yi tari, ta tofar da ruwa ta baya, ta sake tari, ta kama. Mahir ya kifa goshi a kan sitiyari ya daɗe. Da ya ɗago ya hangi surukinsa tsaye cikin ruwa, taɓo har kunne, hula ta bi jirgi, sai shi ma dariya ta ƙwace masa.

Ukasha ya fito yana ɗiga, ya je ya tsaya a bakin taga. "Yaya Mahir, na yi laifi."

"Ka yi."

"Zan wanke ta da hannuna."

"Kada ka ƙara taɓa ta da komai naka. Khalas, magana ta ƙare."

Ukasha ya sunkuyar da kai. Sai kuma ya waiwaya ya hangi jirginsa can yana lilo a kan ruwa, rana na haska shuɗin fentinsa. Fuskarsa ta washe. "Amma don Allah ku duba tafiya! Wa ya zaɓo shi?"

Wasu masunta biyu suka tura kwale-kwalensu za su kamo shi. Widad ta bi su har bakin ruwa tana ɗaga murya. "Tukunyar kawai muke so! Tukunyar da katifa!" Suka dawo da duka, aka zauna aka cinye asida da ɗalibai da masunta, ba ta ko huce sosai ba. Inna ta ce ita dai ta ga ruwa, ta kuma ga abin da ya fi ruwa, jirgi kuwa ba zai sake bin motar ɗanta ba. Aka bar shi a hannun masuntan, wai sai Kyaftin ya shirya.

Da za a koma, Mahir ya ce ba a shigar masa mota da taɓo. Jallabiyar Ukasha kuma masu jan igiya sun tattake ta. Sai Inna ta ciro wani mayafinta mai furanni daga jaka ta miƙa wa Widad ta ba shi. Haka ya shiga motar ɗalibai a naɗe kamar amarya, ya zauna kusa da Malam Sada a kujerar baya. Da aka fita Fayyum aka hau hanyar yashi sai ya taɓo wani sabon ɗalibi da ke gabansu.

"Ka san me ya cuce ni? Tafkin ne ya yi mini kaɗan. Mu a zurfi muka saba. Amma Aswan..."

Malam Sada ya kama gefen mayafin ya ja masa har haɓa. "Rufe jikinki, Hajiya, akwai maza a motar."